Usur ɗin Makarantarku da Abin da Ya Yi wa Ɗana

Zuwa ga Shugaban Makarantar Firamaren da ɗana ya yi karatu tun daga aji ɗaya har aji shida, a ƙasar Bodinga.

Ta hannun Edita, don sauran iyaye su ma su karanta.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da malaman da ke ƙarƙashinka, ina yi maka sannu da aiki. Ina kuma yi maka sannu da haƙurin wannan zamani na tsuke bakin aljihu, wanda albashin malami ya koma kamar hadarin bazara, a ga duhu a sama a rasa ɗigo a ƙasa. Ban kama sunanka ba, ban kama sunan makarantar ba, kuma ba tsoro ya hana ni ba. Akwai yara a cikinta da ba su yi wa kowa laifi ba, ba na so a riƙa nuna su da baki a kasuwa. Kai dai ka san da kai nake, ka kuma san ni: malamar yaƙi da jahilci ta mata, mai bin gidaje da allo da alli.

Yaron da zan yi magana a kansa ɗan farina ne. Ka san al'adarmu, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ko zazzaɓi yake yi, sai dai kakarsa ta yi jinya, ni in kau da kai. Shekara goma sha biyu ina riƙe da wannan kunya, ban taɓa sakinta ba. Yau kun sa na ajiye ta, har ina rubuta sunansa a jarida. Sunansa Lawali. Daga wannan kaɗai ka auna inda tura ta kai.

Na farko: abin da ake yi a makarantarka.

Tun da malamai masu takardar koyarwa suka fara watsewa saboda rashin albashi, wasu suka koma noman albasa, wasu suka tafi Sakkwato neman abin yi, aka haɗa aji biyar da aji shida wuri ɗaya, aka turo muku wani mutum ya riƙe su. Kowa a garin nan ya san ba makarantar horon malamai ta kawo shi ba, hidimar da ya yi wa wani babba a siyasa ta kawo shi. Shi ma ba zan kama sunansa ba. Yara Mai Usur suke ce masa, ni ma haka zan kira shi.

Ga yadda yake tafiyar da ajinsa, in har za ka ce ba ka sani ba. Yana rataye da usur a wuya, yana riƙe da guntun bel ɗin injin niƙa. Ba shi da tsayayyen lokacin busawa. Ana tsakiyar rubutu zai busa, ana cin abincin tara zai busa, yaro na tsugune a bayan makaranta zai busa. Da an ji, kowa ya zubar da abin da ke hannunsa ya ruga ya shiga layi a gindin darbejiya, waɗanda suka zo ƙarshe su sha bel. Ba su yi ƙarya ba, ba su yi sata ba, ba su ƙi karatu ba. Laifinsu a layi dole wani ya zo ƙarshe.

Wannan ma da sauƙi a kan na safe. Da an shiga aji zai tsaya ya bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya ce: "Yau da mutum ukku cikinku da za su kwana rub da ciki. Ni na san su, su ba su san kansu ba. Sai an tashi." Daga nan ya juya allo ya fara lissafi. Ranka shi daɗe, wane lissafi zai shiga kan yaron da aka gaya wa haka? Tun safe har azahar kowannensu na zaune yana tunanin ko shi ne. Wata rana ya daki ukun, wata rana ya daki goma, wata rana ya yi dariya ya ce an ɗaga sai gobe. Yaran sun gaya mini ranar da aka ɗaga ta fi ranar duka muni, don da ita suke zuwa gida.

Na biyu: abin da na gani a cikin gidana.

Ka san yaron nan kafin zuwan Mai Usur. Kai da bakinka ka taɓa tsayar da ubansa a bakin masallaci ka ce a kula da shi, zai yi nisa. Yaro ne mai tambaya har ya gundure ka. Shi ke karanta wa maƙwabta wasiƙun 'ya'yansu da ke Ikko da Fatakwal. In ubansa ya tafi kudu da lodin albasa, shi ke riƙe mini fitila da alli zuwa gidajen da nake koyarwa, yana gyara wa tsofaffi yadda ake riƙe fensir.

Cikin 'yan watanni aka musanya mini shi. Da farko ciwon ciki ne kowace safiya, ban da Asabar da Lahadi. Sai ya daina shan kunun safe, ya ce in ya sha zai ji fitsari, in yana fitsari aka busa ya shiga uku. Sai in'ina ta kama shi, yaron da bai taɓa yin ta ba ko yana koyon magana. Sai na fara shanya tabarmarsa a rana kamar ta jariri, shi kuma yana fakewa a bayan rumbu don kada ƙanwarsa ta gan shi.

Bai ƙara zama a tsakiyar tsakar gida ba, sai ya jingina da bango, inda zai ga ƙofa. In na ɗaga hannu zan gyara ɗankwali, sai ya sunkuya ya kare kansa da hannu biyu. In murfin tukunya ya faɗi, sai ka gan shi tsaye, idanu waje, ƙirji na bugawa har kana gani ta cikin riga. Wata rana ina tankaɗe, ba na tunanin komai sai tsadar da sabulu ya yi, ya daɗe yana kallon fuskata, ya ce: "Inna, kina hushi da ni?" Na ce wane irin fushi. Bayan ɗan lokaci ya sake tambaya. Ya kai ga ba ya ganin fuskar babba sai ya hango fushi a cikinta, ko babu.

Ƙanwarsa, wadda yake goyawa tun tana jaririya, ta taɓo shi ta baya da wasa, ya juyo ya kai mata naushi har leɓenta ya fashe. Da ya ga jinin, shi ya fi ta kuka. Ya ce bai san ita ba ce, hannunsa ya riga shi.

Na uku: zuwan da na yi wurinka.

Ba a jarida na fara ba. Na zo ofishinka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na durƙusa na gaishe ka kamar yadda ya kamata, na faɗa maka duk abin da na rubuta a sama. Zuwan farko ka yi murmushi ka ce: "Haba ɗiyata, bulala ita ta yi mu, ga mu mun zama mutane. Icce tun shina ɗanye aka tanƙwara shi." Da na sake dawowa, bayan leɓen yarinyar ya fashe, ka tashi ka turo ƙofa, ka rage murya ka ce: "Wanga mutum ba ni nic ce a kawo shi ba, daga sama anka turo shi. Ga zaɓe tahe. In na taɓa shi, ni za a ɗauke a kai ƙauyen da ba mota." Ka ce in yi haƙuri, ka ce za ka yi masa magana cikin hikima.

Ban san irin hikimar da ka yi ba. Abin da na sani, washegari Mai Usur ya tsayar da ɗana a gaban aji ya ce ga wanda uwarsa ke kai ƙara. Bai dake shi ba ranar. Ya ce yana bin sa bashin duka, zai karɓa ranar da ya ga dama. Yaron ya ɗauki wannan magana yana yawo da ita har hutun Sallah.

Na huɗu: abin da ya faru a Shagari.

Da hutun Babbar Sallah na ɗauki yaran biyu muka tafi Shagari gaida kakarsu, uwar ubansu. A mota na ga ya ɗan sake, har yana nuna wa ƙanwarsa raƙuma ta taga. Muka sauka a bakin hanya da hantsi. Yana riƙe da hannun yarinyar, ni ina karɓar kayanmu daga yaron mota. Ashe jerin motocin 'yan siyasa na tafe daga wajen Sakkwato, ana ta kiɗa da lasifika. Wani ɗan sanda da ke gyara hanya ya busa usur don mutane su matsa gefe. Aikinsa yake yi, ba ni da abin cewa a kansa.

Kowa ya ja da baya. Ɗana kaɗai ya saki hannun ƙanwarsa ya yanka a guje, bai dubi gabas ba bai dubi yamma ba, ya faɗa tsakiyar titi. Wani mai babur da ke ƙoƙarin kauce wa motocin ya kwashe shi. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake tsaye. Bawan Allah mai babur ɗin ya zauna a ƙasa yana salati yana kuka, yana cewa yaron ne ya faɗo masa kamar an jefo shi. Gaskiya ya faɗa, jefo shi aka yi, kuma ni na san wanda ya jefo shi.

Na isa kansa, cinya ta karye, ƙafar ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Na ɗago kansa. Bai ce wayyo ba, bai ce ƙafata ba. Ya dube ni ya ce: "Inna, ni an na ƙarshe?"

Yana tambaya ko shi ne ya zo ƙarshe a layi. A Shagari, ranar hutu, nesa da makarantarka, da karyayyar cinya, abin da ke ransa ke nan. Ranka shi daɗe, ka ajiye jaridar nan ka ɗan yi shiru a kan wannan tambaya kafin ka ci gaba.

Na biyar: abin da likita ta faɗa.

Aka kai mu asibiti a Sakkwato. Ba zan ba ka labarin rashin magani da sayen bandeji a kemis ba, kowa ya san halin da asibitoci ke ciki yanzu, kuma ba kuɗi nake nema a wurinka ba. Abin da nake so ka ji shi ne wannan. Akwai wata likitar yara, Ba'indiya, dattijuwa, da wata nas ke yi mata tafinta. Ta lura duk sanda ta miƙa hannu za ta taɓa goshinsa sai ya runtse ido, in ya ji takun takalmi a baranda sai ya nemi tashi da ƙafar da aka ɗaure. Ta sa aka kira ni gefe, ta tambaye ni wa ke dukan yaron nan a gida. Ni aka yi wa wannan tambaya, a gaban nas, saboda aikin da aka yi a makarantarka. Na haɗiye abin da na haɗiye, na ba ta labari tun daga farko.

Ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta yi mini bayani, nas na juyawa, ni kuma zan faɗa maka yadda na fahimta. Ta ce a cikin ƙwaƙwalwar kowane mutum akwai sashen da aikinsa gadi ne. Shi ke sa zuciya ta buga, ƙafa ta ɗauka, tun mutum bai yi tunani ba. Rahama ce, don da shi ake tsere wa maciji da gobara. Wannan mai gadin da wuri yake fara aiki, tun yaro na ƙarami. Akwai kuma wani sashen, ta nuna goshinta, wanda ke cewa dakata, duba da kyau, igiya ce ba maciji ba. Shi wannan a hankali yake nuna, ba ya gama ƙosawa sai mutum ya wuce samartaka. Kafin ya ƙosa, yaro aron natsuwa yake yi a wurin manyan da ya amince da su. In ya firgita ya dubi fuskar babba ya ga lafiya, sai jikinsa ya kwanta.

To in babban da zai duba shi ne abin tsoron fa? Ta ce in aka riƙe yaro cikin fargaba kullum, musamman fargabar da ba a san lokacinta ba, ba a san dalilinta ba, ba kuma abin da yaro zai yi ya kauce mata, sai mai gadin nan ya koyi cewa duniya duk haɗari ce. Ya daina barci. Ya riƙa ihu a kan inuwa, a kan murfin tukunya, a kan fuskar uwa. Kuma yaron da mai gadinsa ke ihu ba ya iya riƙe karatu, don hankalinsa duk yana bakin ƙofa. Ta ce shekarun da ɗana ke ciki, gab da balaga, lokaci ne da ƙwaƙwalwa ke sake gini, abin da aka saba mata da shi a lokacin yana kama ta sosai. Ta ce yara sun bambanta, wani ya fi wani saurin jin tsoro tun daga halitta, kamar yadda wani ya fi wani jin sanyi, kuma wannan ba ragwanci ba ne, ba hauka ba ne, ba iska ba ce.

Da ta gama na ce a raina, ai kakanninmu sun riga sun faɗa a taƙaice: wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Bambancin kawai, mu macijinmu albashi ake rubuta masa.

Na shida: abin da ka yi bayan haka, wanda shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Muna asibiti ba ka zo ba, ba ka aiko ba. Na ce wataƙila hidima ce. Da aka sallame mu, ubansa ya dawo daga kudu ya zo wurinka a kan maganar jarrabawar shiga sakandare, sai ka ce ka cire sunan yaron daga cikin masu zama. Ka ce karatunsa ya lalace, zai ja wa makaranta faɗuwa. Ka ƙara da cewa: "Yaron ga ko raggo na, ko iska ta taɓa shi. Yaro mai hankali ba shi faɗawa gaban babur. Ku nema mashi rubutu." A gaban malamai ka faɗa, kafin la'asar magana ta zaga gari. Yau akwai matan da in na shiga gidansu da allo sai su yi mini jaje, wai ɗana ya taɓu.

Wato an karya masa zuciya a ajinka, an karya masa ƙafa da usur ɗin ajinka, sannan ka ɗauki sakamakon ka mai da shi laifinsa, ka rufe masa ƙofar gaba. Shi kuwa Mai Usur yana nan, jiya ma da na wuce ta bayan makaranta na ji busarsa da gudun ƙafafu.

Bari in mayar maka da karin maganarka. I, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma saboda haka ne ya kamata mai tanƙwarawa ya ji tsoron Allah, don inda ya karkata shi nan zai bushe. Ka ce bulala ta yi ku. Ni ban zo yin gardama a kan ko a hori yaro ko kada a hore shi ba. Mu ma an hore mu. Amma a gidajenmu da makarantun allo da muka sani, yaro ya san laifinsa, ya san hukuncinsa, a yi a gama, a jawo shi a ba shi fura. Ana cizawa ana busawa. Abin da ake yi a ajin nan sunansa azaba. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya ta gida. Ku kun ɗebo na dajin kun zuba a cikin aji, kun rufe ƙofa da 'ya'yan mutane a ciki.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ba bulala ta yi ni ba, kai ka yi ni. Ka manta, ni ban manta ba. Lokacin da kake saurayin malami mai keke, ina cikin 'yan mata ƙalilan da aka sa elementare. Na kasa rubuta ƙa mai lanƙwasa, na yi ta kuka har allona ya jiƙe. Ka fitar da ni waje, ka tsuguna a gabana, ka kama hannuna muka yi ta zana ta a kan rairayi har na iya, ka ce to ga shi, ashe ba dodo ba ce. Ban taɓa ganin bulala a hannunka ba, kuma babu ajin da ya kai naka natsuwa. Da hannun nan da ka kama nake rubuta maka wannan wasiƙa. Don haka kada ka ce mini ba ka san yadda yaro ke koyo ba. Ka sani sarai. Kujera ka zaɓa.

Na bakwai: ba ɗana kaɗai ba ne.

Ina shiga gidajen da kai ba ka shiga, ina jin abin da ba a faɗa maka. Akwai yarinyar da ta saki fitsari a tsaye cikin layi, tun ranar ba ta ƙara komawa ba. Akwai yara biyu 'yan gida ɗaya da ke fita da safe da jakar littattafai, su shige gonar gero su kwanta har a tashi. Akwai wani babba a cikinsu, ya fara tsiro gemu, wanda shi tsoron bai sa shi gudu ba, ya mai da shi mugu. Yanzu shi ke tare ƙanana a hanya yana dukansu, yana ce musu shi ma yana bin su bashi. Wannan ma ɗalibinku ne, ya koyi darasin da aka koyar.

Lokacin da aka kawo karatun firamare kyauta, ka san wahalar da aka sha kafin mutanenmu su yarda su ba da 'ya'yansu. Ina cikin waɗanda suka yi ta lallashin mata ɗaki-ɗaki, ina cewa ku ba da su, amana ce, za a kula da su. Yau matan nan ni suke kallo. Wata ta ce mini: "Malama, ke kinka ce mu kai su. Ga naki nan da sanda." Abin da aka yi shekaru ana ginawa, mutum ɗaya da usur yana rushe shi, kai kana ofis kana jiran zaɓe ya wuce.

Game da yaron, yana Shagari wurin kakarsa, don ko hanyar makarantarka aka bi da shi sai gumi ya karyo masa. Ƙafar ta ɗinke, amma da ɗingishi, kuma an ce da wuya ya rabu da shi. Likitar ta ba mu fata guda. Ta ce ƙwaƙwalwar da ke kan girma, yadda ta koyi tsoro haka za ta iya koyon aminci, sai dai a hankali, kuma sai an daina tsoratarwar. Ta ce a riƙa yin komai a lokacin da ya saba, a gaya masa abu kafin a yi, kada a yi masa tsawa, kada a yi masa dariya. Tsohuwa ta riƙe wannan kamar wuridi. Ko tabarya za ta ɗaga sai ta ce masa za ta fara daka. Yanzu yana shan kunun safe. Yana karanta mata littattafan yaƙi da jahilci da na bar masa, in'inar tana raguwa. Kwanan baya samari na ƙwallo a fili kusa da gidan, aka busa usur. Tsohuwa ta ce ya damƙe gefen tabarma, amma bai tashi ba. Ta dafa bayansa har abin ya wuce. Mun gode wa Allah a kan wannan kamar an ba mu kujerar Makka. Ka duba inda aka mai da mu: yaron da ka ce zai yi nisa, yau murnarmu ita ce ya ji usur bai gudu ba.

Saboda haka, ranka shi daɗe, ga abin da nake nema, kuma a bainar jama'a nake nema.

Ɗaya, a daina tseren usur da barazanar safe daga ranar da wannan wasiƙa ta iso ka. Wannan bai buƙatar izinin kowa daga sama, ikonka ne.

Biyu, a raba mutumin nan da aji. In ka ce ba ka da ƙarfin haka, to ka rubuta wa na gaba da kai gaskiyar abin da ke faruwa, ka sa hannu da sunanka, ni kuma a kira ni shaida ko'ina ne. In an ɗauke ka an kai ka ƙauyen da ba mota a kan ka kare yara, wallahi ya fi maka wannan kujerar daraja.

Uku, ka mai da sunan ɗana cikin masu jarrabawa. In lokaci ya ƙure, ka ba shi takardar canjin makaranta zuwa Shagari, mai tsabta, wadda ba a rubuta ragwanci ko taɓin hankali a cikinta ba, ya zauna baɗi.

Huɗu, ka tsaya a gaban yara da malamai, a wurin da aka saba tara su, ka faɗa da bakinka cewa Lawali ba mahaukaci ba ne, tsoratar da shi aka yi, kuma an daina. Yaran nan suna buƙatar su ji babban mutum ya ce an daina, in ba haka ba jikinsu ba zai yarda ba.

Biyar, duk horon da za a yi nan gaba, yaro ya san laifinsa, ya san iyakar hukuncinsa, kuma kada a kwana da shi a matsayin bashi.

Ina kuma sanar da kai abu ɗaya, don kada ka ce an yi maka ba-zata, mu ba ma yi wa mutane haka. Matan kulle ba su fita, amma tsofaffi suna fita. Kakannin yaran ajin nan sun yi shawara a tsakaninsu. Ranar da aka koma daga hutu mai zuwa, in ba a ga canji ba, za su zo da tabarminsu da carbinsu da goronsu su zauna a gindin darbejiyar da ake yin layi, tun daga safe har a tashi, kuma kullum. Ba za su zagi kowa ba, ba za su taɓa kowa ba. Za su zauna ne kawai su zuba ido. Duk mai son ya daki yaro don ya zo ƙarshe a layi, sai ya dake shi a gaban kakarsa.

Ina roƙon Allah Ya ba ka lafiya da tsawon rai, Ya ba ka ƙarfin zuciyar yin abin da ka san shi ne daidai, Ya sa ka gama aikinka da mutunci. Allah Ya kawo wa malamai sauƙin wannan matsi, Ya shiryi wanda ya yi wannan aiki in mai shiryuwa ne, Ya sanyaya zukatan yaranmu, Ya mayar musu da barcinsu da dariyarsu. Allah Ya tuna mana duka cewa kowane makiyayi za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

Wassalam.

Ni ce,
Malamar yaƙi da jahilci ta mata,
Ƙasar Bodinga, Jihar Sakkwato.